Kafin a fassara "desecrate", a fara tambayar me aka aikata

A cikin kalmomin Ingilishi da ke shigowa ɗakunan labaran Hausa daga kamfanonin dillancin labarai, da wuya a samu mai haɗarin desecrate. Aikatau ne da Bature ke amfani da shi idan an wulaƙanta abu mai alfarma, kamar littafin addini, masallaci, coci, kabari, gawa ko tuta. Illarsa ita ce ba ya gaya maka abin da hannu ya yi. Wanda ya cinna wuta, da wanda ya taka da ƙafa, da wanda ya yi rubutu da fenti a bango, da wanda ya tone kabari, da wanda ya shiga da takalmi bai sani ba, duk kalmar nan guda za ta iya ɗauke su. Hukunci ce da aka riga aka yanke, aka naɗe ta cikin gaɓa uku. Shi ya sa nake ganin mai fassara ba shi da hurumin ya musanya ta da kalmar Hausa ɗaya ya wuce abinsa. Wajibinsa ne ya nemo ainihin aikin da aka yi da sunan wanda ya ce an yi, ya sa su a gaba, sannan hukuncin ya biyo baya in ya tabbata.

Ginin kalmar ma yana nuna haka. Ta shiga rubutun Ingilishi wajen shekarun 1670, kuma daga consecrate aka ƙera ta, wato keɓe abu ga Allah ko ga ibada. An cire ɗafa-goshin con, aka sa de mai warware aiki. Tushen duka biyun shi ne sacer na Latin, abu mai tsarki. Ke nan ba a iya yi wa abu desecrate sai in da ma wasu mutane sun keɓe shi, sun ba shi alfarma. Wani abin ban mamaki shi ne a Latin ɗin kanta akwai desecrare, amma ma'anarta tsarkakewa ce, kishiyar abin da Ingilishi ke nufi. Ɗalibin da ya bi ƙamusun Latin don gane ta Ingilishi zai ɓace.

Ga mai koyo, ƙa'idojin amfani da ita ba su da yawa, amma ana yawan tuntuɓe da su. Aikatau ne so-karɓau, karɓan yana biyo shi kai tsaye ba tare da on ko against ba: they desecrated the grave. Ana danna gaɓar farko wajen furuci, kamar a ce "dé-si-kret", amma a sunan aikin, desecration, nauyin ya koma gaɓa ta uku. A rubutu, harafi na huɗu e ne, duk da cewa sacred da a ake rubuta ta, kuma nan ne masu jarrabawa ke zubar da maki suna rubuta desacrate. Wasu kuma kan haɗa ta da desiccate, wadda ke nufin busar da abu ƙayau, irin abin da ake rubutawa a jikin ledar garin kwakwa. Kuskuren da ya fi waɗannan girma shi ne na zaɓen karɓau. Ba a yi wa mutum mai rai desecrate. Shi zaginsa ake yi ko a ci mutuncinsa, insult ko humiliate. Gawarsa ce ake yi wa, ko kabarinsa. Haka nan ɓarawon da ya kwance wayar taransifoma ko ya fasa bututun mai, vandalise ya yi, domin babu wanda ya keɓe taransifoma ga ibada.

Kalmar tana da maƙwabta, kuma a nan ne fassara ke karkacewa. Defile tana ɗauke da ƙazanta, najasa ko jini ko wani abin ƙyama da ya taɓa wuri mai tsarki. Profane daga Latin take, ma'anarta ta asali "a wajen haikali", wato mayar da abin ibada kamar kayan yau da kullum. Kuma 'yar'uwarta profaner ce Faransanci ke amfani da ita a duk inda Ingilishi zai ce desecrate, don haka mai fassara a Maraɗi ko Damagaram da profanation zai riƙa cin karo. Sacrilege suna ne, asalinsa satar kayan haikali, ba shi da aikatau nasa sai a ce commit sacrilege. Deconsecrate kuwa ba laifi ba ne ko kaɗan. Shi ne abin da hukumar coci ke yi bisa ƙa'ida idan za a rufe majami'a a sayar da ginin. Wanda ya fassara the church was deconsecrated da "an wulaƙanta cocin" ya ƙirƙiro hari daga takardar ofishin bishop. Sai babbar maƙwabciya, blaspheme, daga Girkanci, mugun furuci game da Allah ko annabi ko addini. Wannan aikin baki ne ko alƙalami. Desecrate aikin hannu ne a kan wani abu ko wani wuri.

Wannan bambanci na ƙarshe shi ne wanda bai kamata a taɓa rushewa a Hausa ba. A kunnen mai sauraro a Kano ko Sakkwato, "ɓatanci" ba kalma ce ta yau da kullum ba. Da an ji ta, zuciya ta tafi ga fiyayyen halitta, kuma mutane da yawa sun riga sun san hukuncin da suke ɗora mata. Idan labarin fasa duwatsun kaburbura a wata maƙabarta ta Turai ya fito da kanun "an yi ɓatanci", an ba mai sauraro wani labari dabam da wanda ya faru. Sauran kalmominmu ma kowace da nauyinta. "Keta alfarma" ita ce mafi kusa, kuma ta fi dacewa da wuri ko lokaci: alfarmar masallaci, alfarmar maƙabarta, alfarmar watan azumi. "Wulaƙanta" tana ɗauke da niyya da raini, in ka faɗe ta ka shaidi zuciyar mutum. "Tozarta" tana son bainar jama'a. "Ƙazantar da" ta yi daidai da defile. "Lalata" da "ɓarnata" ba su ce komai game da tsarki ba. Mai fassarar da bai san abin da aka yi ba, ta yaya zai zaɓi ɗaya a cikinsu?

Batun niyya kuwa shi ne ƙashin bayan al'amarin, domin aiki ɗaya yana iya zama girmamawa a hannun wani, ya zama wulaƙanci a hannun wani. A 1984 Gregory Lee Johnson ya ƙona tutar Amurka a birnin Dallas lokacin babban taron jam'iyyar Republican. An hukunta shi da dokar jihar Texas wadda a sunanta ma akwai desecration, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 2,000. A 1989 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta ce abin da ya yi faɗin albarkacin baki ne. Amma ƙa'idar kula da tuta ta Amurkan ita ce ta ce idan tuta ta tsufa ta yage, a kawar da ita cikin mutunci, kuma an fi son a ƙona ta. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji har biki suke shirya wa wannan ƙonawa. Wuta ɗaya, ƙyalle ɗaya. Mu ma mun san wannan a gida. Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, bayan an tattara Mus'hafi guda ya ba da umarnin a ƙona sauran rubuce-rubucen, kuma har yau malamai suna ba da fatawar ƙona ko binne takardun Alƙur'ani da suka ruɓe don kada a tattake su. Almajiri yana wanke allonsa kullum. Kuma hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina sananne ne: sahabbai suka taso masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale shi ya gama, a kwara guga na ruwa a wurin, sannan ya karantar da shi. An ƙazantar da wuri, amma babu raini, kuma maganin da aka ba matsalar ruwa ne da bayani.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan kalmar ta yi tafiya ita kaɗai ba tare da aikin ba. Ranar 28 ga Yunin 2023, ranar Babbar Sallah, wani ɗan gudun hijira daga Iraƙi mai suna Salwan Momika ya ƙona Alƙur'ani a gaban babban masallacin Stockholm, babban birnin Sweden. Wannan ya tabbata, an ɗauka a bidiyo, kuma babu mai fassarar da zai yi shakkar cewa "ya wulaƙanta Alƙur'ani, ya ƙona shi". Ranar 20 ga Yuli ya sake fitowa a gaban ofishin jakadancin Iraƙi. A wannan karon ya tattake littafin ya yi ta shurinsa, amma bai ƙona ba. Kamfanonin labarai na Ingilishi suka koma ga desecrated, domin ita ce ta rufe abin da ya yi. Wanda ya riga ya haddace cewa kalmar tana nufin "ƙonawa" tun daga labarin Yuni, zai sanar da ƙonawar da ba a yi ba. Tattakewa ba ta fi ƙonawa sauƙi a zuciyar Musulmi ba, kuma ba sassauci nake nema wa mutumin ba. Amma gidan rediyon da ya ce an ƙona alhali an taka, ya koya wa masu sauraronsa cewa ba lallai abin da ya faɗa ya zama abin da ya faru ba.

Mafi muni shi ne inda aikin ma bai tabbata ba. A watan Mayun 2005 mujallar Newsweek ta buga ɗan gajeren labari cewa masu tambayar fursunoni a Guantanamo sun jefa Alƙur'ani a masai. Zanga-zanga ta ɓarke a Afghanistan da Pakistan, mutane fiye da goma suka mutu, sannan ranar 16 ga wata mujallar ta janye labarin saboda majiyarta guda ɗaya ta kasa tsayawa a kansa. Binciken sojin Amurka daga baya ya amsa cewa sau biyar an yi wa Alƙur'ani riƙon da bai dace ba a gidan yarin, amma ya ce bai samu shaidar wancan takamaiman zargi ba. A Kabul, ranar 19 ga Maris ɗin 2015, Farkhunda Malikzada, ɗalibar ilimin addini mai shekara 27, ta yi gardama da wani mai sayar da layu a kusa da wani masallaci. Ya ɗaga murya ya ce ta ƙona Alƙur'ani. Taron jama'a ya kashe ta a kan titi, masu bincike kuma suka tabbatar ba ta ƙona komai ba. Tarihin Turai ma cike yake da irin wannan: a 1298 zargin cewa Yahudawan garin Röttingen sun wulaƙanta gurasar Jibin Ubangiji, wadda Kiristoci ke tsarkakewa a ibadarsu, ya jawo kisan dubban Yahudawa a kudancin Jamus. Mu ma ba mu tsira ba. A Kano a Disamban 1994 an fito da wani ɗan kasuwa daga inda hukuma ke tsare da shi aka kashe shi kafin kotu ta ce uffan, a Gombe kuma a Maris ɗin 2007 ɗalibai suka kashe wata malama mai sa ido a jarrabawa. A duka biyun jimlar da ta zaga gari ita ce "an wulaƙanta Alƙur'ani". Jimla ce da ba ta da aikau, ba ta da shaida, ba ta ce an yi kaza da kaza ba, kuma babu mai ƙarfin halin tsayawa a tsakiyar taro ya tambaya.

A nan nahawun Hausa da na Ingilishi suna haɗa baki su cuci mai sauraro. Ingilishi ya fi kawo kalmar a sigar da ke ɓoye mai aikin, the shrine was desecrated. Hausa kuma tana da "an" a shirye: "an keta alfarmar wurin ibadar". Sai kanun labari ya matse, a jefar da allegedly ko police said don a rage daƙiƙa biyu, zargi ya koma tabbas. Wasu kan yi ƙoƙarin gyarawa da "wai", amma "wai" tana da nata dafin, domin a maganar addini tana iya fita kamar gatse, mai sauraro ya ji kamar ana yi wa fushinsa dariya. "Ana zargin" ta fi aminci, kuma "'yan sanda sun ce" ko "limamin masallacin ya ce" sun fi ta, tunda sun ba zargin uba.

Masu rubuta doka sun daɗe da gane cewa kalmar ba ta tsayuwa da ƙafarta. Sashe na 295-B na kundin laifuffukan Pakistan, wanda aka ƙara a 1982, ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi wa Alƙur'ani defile ko damage ko desecrate, amma ya gindaya wilfully, da gangan. Maganar ɓatanci ga Annabi kuma sashe dabam aka ba ta, 295-C, a 1986. Tsohon kundin Final Kod na Arewacin Nijeriya ma ya raba: sashe na 210 na zagin addini ne, na 211 kuma na lalata ko ƙazantar da wurin ibada ko abin da wasu ke tsarkakewa, da sharaɗin niyya ko sanin cewa za a ɗauke shi cin mutunci. Majalisar Denmark, da ta amince da dokarta ranar 7 ga Disamban 2023 da ƙuri'a 94 a kan 77, ta kauce wa kalmomin tsarki gaba ɗaya, ta haramta "riƙon da bai dace ba" ga rubuce-rubuce masu muhimmanci ga wani addini, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai kai shekara biyu. Kotun hukunta manyan laifuffuka ta duniya da ke Hague, da ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara a 2016 kan rushe hubbarori tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya a Tumbuktu a 2012, laifin da ta kama shi da shi kai hari da gangan ne a kan gine-ginen addini da na tarihi. Shari'ar Tumbuktu tana da wani darasi ga mai fassara: mutanen garin sun ga keta alfarmar waliyyansu, masu rushewar kuma suna cewa bidi'a suke kawarwa. Duk Musulmi ne. Wanda ya sa desecrate a bakinsa ya ɗauki ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin bakin wa kalmar ta fito.

Sai kuma amfani da ita a siyasa, wanda Ingilishin Nijeriya ya ƙware a kai. Lauya ya ji haushin hukunci, ya ce an yi wa temple of justice, wato kotu, desecrate. Ranar 18 ga Afrilun 2018 wasu suka kutsa zauren Majalisar Dattawa suka sure sandar majalisa, nan ma irin wannan harshe aka yi ta ji, kamar yadda 'yan siyasar Amurka suka yi bayan kutsen majalisarsu ranar 6 ga Janairun 2021. Wannan aron kalma ne, ado ne na magana, kuma Bature mai karatu ya san haka. In aka kwaso shi ɗungurungum aka ce "an keta alfarmar wuri mai tsarki", an ɗora wa zauren 'yan siyasa rawanin da ba nasa ba. "Sun ci mutuncin majalisa" ko "sun zubar da ƙimar kotu" sun wadatar.

To me mai fassara zai yi idan kalmar ta faɗo masa saura minti goma a shiga labarai? Ya fara sauka ƙasan labarin, domin kamfanonin dillanci kan sa kalmar hukunci a sakin layi na farko, su ajiye bayanin aikin a na huɗu ko na biyar: an fasa duwatsu nawa, an zana alamar 'yan Nazi, an yayyaga shafuka, an bar kan alade a ƙofa. Wannan bayanin shi zai hau sama a Hausa. Ya duba wa ya furta kalmar: wakilin kamfanin ne da ya gani da idonsa, ko kakakin wata gwamnati, ko wani da ya wallafa a Facebook. Ya tambayi kansa ko abin da aka taɓa littafi ne, wuri ne, gawa ce ko alama ce ta ƙasa, tunda kowanne da kalmar da ta dace da shi. Ga gawa, alal misali, "cin zarafin gawa" ko "wulaƙanta gawa" ake cewa, ga kabari kuma in tonewa aka yi a ce an tone. Ya nemi abin da ke nuna niyya: mutumin ya sanar tun kafin ya yi, ya ɗauki bidiyo, ko kuwa leburan da aka sa share ɗaki ne ya haɗa takardu ya kai bola, ko mai taɓin hankali ne. In labarin bai faɗi aikin ba sam, kuma babu wata majiya ta biyu, to a faɗi haka a fili: hukumomi sun ce an keta alfarmar wurin, ba su bayyana yadda aka yi ba. In kuma zargin na cikin gida ne, a unguwa ko makaranta ko kasuwa, kuma ba 'yan sanda ba kotu ba wani malami sananne da ya je ya gani, jinkirin awa ɗaya ya fi gaggawar zama na farko.

Akwai masu cewa wannan hanya tana iya ƙara rura wuta, domin "ya taka da ƙafa" ya fi "ya keta alfarma" zafi a kunne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai bayanan ƙazanta da edita mai hankali zai taƙaita, musamman a rediyo inda yara ke saurare. Sai dai taƙaitawa dabam, barin fili dabam. Idan ka ce "an wulaƙanta" ka yi shiru, kowane mai sauraro zai cike gurbin da mafi munin abin da zuciyarsa ta iya kawowa, kuma kafin la'asar sigar da ta fi muni ce za ta zagaye WhatsApp. Wasu kuma za su ce wannan duk tsoro ne, ana neman a tausasa laifin masu cin zarafin addini. Ai inda abu ya tabbata, kamar na Stockholm, bayyana aikin ƙara wa labarin ƙarfi yake yi, kuma kalmar "wulaƙanta" tana nan a yi amfani da ita ba tare da kame-kame ba. Wanda wannan tsari ke karewa shi ne wanda ba a tabbatar ya yi komai ba tukuna.

Abin da ya rage shi ne gidajen labaran Hausa su rubuta wannan a kundin salonsu, kamar yadda suke rubuta yadda za a kira muƙamai da sunayen ƙasashe: desecrate da profaner ba sa zama "ɓatanci", "ana zargin" ba ta fita daga kanu don a rage tsawo, aikin da aka yi yana zuwa a jimlar farko. Kuma idan an yi kuskure an ce an ƙona alhali ba a ƙona ba, a gyara a shiri na gaba, a daidai lokacin da aka faɗi na farkon, da muryar da ta faɗe shi.